Hannun Talaka Ya Fi Kuɗin Niƙa Tsada

Ya ku 'yan'uwa talakawa na Rurum Sabon Gari, da Rano, da Kibiya! Injin niƙa ya hutar da matanmu daga turmi da dutsen niƙa, mun gode Allah. Amma fa ƙarfe ba ya da tausayi.

Ku dubi yadda a ke barin bel tsirara yana gudu. In ya kama bakin mayafi ko hannun babbar riga, kafin a kashe injin mai aukuwa ta auku. Haka yaron da ke tura masara cikin mazurari da yatsu, ranar da hannu ya zarce, ya zama miskini har abada.

To, ku sani rufe bel ba alfarma ba ne. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace duk sashen injin mai haɗari. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ba wanda ya ji rauni a bakin aiki hakkin diyya. Masu duban masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago, kada su tsaya a Bompai da Sharaɗa, ƙauye ma mutane ne a ciki.

Masu injin, lalle ku sa wa bel murfin ƙarfe. A kashe injin kafin gyara ko shara. A tura hatsi da sanda. A ɗaure riga, a hana ƙananan yara matsowa.

Ku kuwa 'yan kasuwa, kuɗinku ne ke juya injin nan. Wanda ya ƙi rufe bel, ku kai buhunanku wurin maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani!