Hoto da gaskiya: abin da ƙurar Damargu ta koya mini

A wannan mako za mu ɗan huta da zancen haraji da farashin hatsi, mu taɓa wata magana wadda take kamar ta wasa, amma tana da nauyi ga ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati baki ɗaya, wato maganar hoto.

Ni dai ba sana'ata ba ce ɗaukar hoto, sha'awa ce kawai. Na gaje ta wurin mahaifina, wanda yake da tsohuwar kyamara mai fim. Ya sha ba ni labarin yadda ya rataye ta bayan watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, fim da wankin hoto suka fi ƙarfin mai albashi. Yau fim ya zama tarihi ga mafi yawan mutane, har kamfanin Kodak da ya yi suna da shi ya durƙushe a 2012. Abin da ake yayi yanzu shi ne kyamara maras madubi, wadda masu jin Faransanci ke kira ibrid. Irinta na saya ta hannu a Kano, na tafi da ita Damargu cikin hunturu.

Bari in fayyace wa mai karatu bambancin. A kyamarar da aka saba da ita akwai wani ɗan madubi a ciki, wanda ke karɓar hasken da ya shigo ta gilashi, ya mayar da shi sama zuwa idon mai ɗauka. In an danna, madubin ya ɗaga, hasken ya wuce. Sabuwar kuwa ba ta da wannan madubi. Haske yana sauka kai tsaye kan allon da ke kama hoto, sa'an nan wani ƙaramin talabijin da ke cikin mahangin ya nuna maka abin da za ka samu tun ba ka danna ba. Kamfanin Panasonic ne ya fara fito da irinta a 2008, Sony ya kawo mai babban allo na milimita 36 bisa 24 a 2013, Canon da Nikon suka biyo baya da nasu manya a 2018. Ba ta da nauyi, ba ta da ƙara, kuma saboda jikinta siriri ne, da ɗan zobe na haɗi sai ka ɗaura mata tsohon gilashi. Haka na yi da gilashin mahaifina mai milimita 50, ya kuwa yi aiki kamar jiya aka ƙera shi.

To, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na kama hanyar Agadas daga Damagaram, na sauka Tanut bayan tafiyar kusan kilomita 150, daga nan na nufi Balbeji, wadda aka ware daga Tanut aka mai da ita departema a 2011. A kasuwar dabbobi na hangi wani ayarin raƙuma yana shigowa, sai zumuɗi ya ɗebe ni, na kwance gajeren gilashi a tsakiyar fili don in ɗaura dogo, iska kuwa tana kaɗawa. Da dare da na duba aikin yini, sai na ga kowane hoto yana da ɗige-ɗige baƙaƙe a sararin sama, a wuri ɗaya, kamar kashin ƙuda. Dalili shi ne, da zarar ka cire gilashi daga maras madubi, a yawancinsu allon nan tsirara yake, ba abin da ya tare shi. Ƙurar hunturu kuwa, wadda da yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta fi gari laushi.

Ga abin da na koya, ko wani zai amfana. Ka zaɓi gilashi ɗaya tun daga masauki, ka yini da shi. In canji ya zama tilas, ka shiga ɗaki ko mota, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa. In kana son ka san ko ƙura ta shiga, ka tsuke ƙofar haske zuwa lamba 16, ka ɗauki farin bango ko sama maras gajimare, duk ɗigon da ke nan zai bayyana. Kada ka hura da baki, gama yawu ya fi ƙura ɓarna, akwai ɗan famfon roba da aka yi domin haka. Ka riƙe batir biyu ko uku, domin talabijin ɗin nan na ciki yana shan wuta, ba kuma kowane ƙauye ne za ka sami wurin caji ba. Kada ka bar ta cikin mota a rana, musamman a watan Afrilu da Mayu, tun da yawancin masu ƙera su ba su lamunce aikinta ba in zafi ya wuce digiri 40. Sa'an nan ka guji rana tsaka: farin rawani yana ruɗin ma'aunin haske, fuskar mai rawanin ta fito duhu. Hantsi da bayan la'asar su ne lokacin hoto a Damargu.

Ɗige-ɗigen nan su suka kai ni ga gyaran hoto a kwamfuta, nan kuma ne ainihin zancena na yau. Da manhaja irin su Lightroom ko Photoshop, ko darktable wadda take kyauta, cikin minti kaɗan na share su duka. Na ƙara haske a fuskokin da inuwa ta rufe, na daidaita hoton da ya karkace. Raina bai yi mini zargi ba, domin ƙurar ba ta cikin kasuwa, a kan allona take, idona kuma ya ga fuskokin nan sarai.

Da na koma Tanut sai wani abokina dillalin dabbobi ya ga abin da nake yi. Ya ce: "Malam, ashe kai ne maganina. Ga raguna zan aika wa wani Alhaji a Kano ta waya, ka ɗan cika musu jiki, ka share tabon da ke ƙafar wancan." Bayan kwana biyu kuma wani ma'aikaci ya kawo mini hoton wata gonar itatuwa da aka dasa, wadda rabinta ya bushe, yana so in zuba mata kore kafin ya liƙa a rahoton da zai aika Yamai. Duka biyu na ba su haƙuri. Dillali ya yi dariya ya ce ai kowa yana yi. Ma'aikaci ya tafi yana fushi.

Na daɗe ina tunanin inda iyakar take, ga kuma inda na tsaya. Duk gyaran da ke kusantar da hoto ga abin da ido ya gani a wurin, gyara ne. Duk wanda ke ƙara abin da babu, ko ya ɓoye abin da akwai, don wani ya fitar da kuɗi ko ya sa hannu a takarda, algus ne, ba shi da bambanci da zuba yashi a buhun gero. Ba mu kaɗai wannan ya dama ba: a 2015 babbar gasar hotunan ƴan jarida ta duniya, World Press Photo, ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai dab da zagayen ƙarshe saboda an taɓa su fiye da ƙima.

Mu duba abin da za mu yi hasara. Hausawa suka ce gani ya kori ji. Yau ɗan kasuwar Damargu yana sayar da sa ga mutumin da bai taɓa gani ba, a kan hoto ɗaya da ya aika ta WhatsApp. Ran da mai saye ya daina yarda da hoto, sai a koma ga tsohuwar hanya, sai ya zo da kansa ko ya aiko wakili, kuɗin mota da ɓata lokaci kuwa kowa zai biya, har da mai gaskiya. Haka rahoton ma'aikaci: in itatuwan sun yi kore a takarda, ba wanda zai tambayi abin da ya kashe su, baɗi kuma a sake dasa irinsu a wuri guda, su sake bushewa.

Akwai kuma zancen baya. Ayarin Foureau da Lamy ya ratsa Damargu a 1899 kan hanyarsa daga Agadas zuwa Damagaram, Foureau ya buga labarin tafiyar a 1902. Tun wancan zamani, baƙi ne suka fi nuna wa duniya kamanninmu. A Bamako an yi Seydou Keïta da Malick Sidibé, a Yamai an yi Philippe Koudjina, yau ana duba hotunansu don a san yadda mutane suka rayu. Wanda zai nemi sanin Tanut da Gangara da Tarka nan da shekara 50, hotunanmu zai duba. In mun yi wa kowace fuska bilicin, mun cika kowane rumbu da kwamfuta, me muka bar masa?

Saboda haka ga shawarata ga masu sha'awa irina. Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, dogon gilashi ba lasisin sata ba ne. Ka adana hoton asali yadda ya fito daga kyamara, ko da ka yi gyara. Ka rubuta wuri da rana. Waɗanda suka fi maka daraja kuma ka wanke su a takarda, gama waya tana faɗawa rijiya.

Abokina dillali ya aika da hoton ragunansa yadda suke, da tabon da komai. Alhajin ya rage masa kaɗan a kan mai tabo, ya sayi sauran, ya kuma ce a nemo masa wasu kafin Layya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.