FILIN MATA: A AUNA KAYA KAFIN A SAYI JAKI

A wannan mako ina so mu yi shawara a kan wani abu da ya ci mini kuɗi, don kada ya ci naku.

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta ɗungum, gidaje da dama a nan Marnona, da Wurno, da Rabah, da Goronyo sun yi ƙoƙari sun sayi kwamfuta domin yara su saba. Sau da yawa kuwa kuɗin adashin uwa ne, ko na tunkiyarta. To, amma kwamfutar tebur ba ta da haƙuri: da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, aikin da ba a adana ba ya tafi, ita kanta kuma tana iya samun lahani.

Ni ma haka ta faru gare ni. Wata rana da dare ina shigar da makin ɗalibaina, na kai kusan ƙarshe, sai wuta ta tafi. Da gari ya waye na aika Sakkwato aka sayo mini akwatin nan mai batir a ciki da ake kira UPS. Na zaci na rabu da wahala ke nan. Na jona masa kwamfuta, da firinta, har da fanka. Ranar da aka fara ɗauke wuta sai ya yi ƙara ɗaya ya mutu tare da su. Inna ta dube ni ta ce, "Ke da kike koya wa yara lissafi, ba ki auna kaya ba kika sayi jaki?" Wallahi ta yi gaskiya.

Mai kai albasa kasuwa yakan tambayi abu biyu: nauyin kayan, da nisan tafiyar. Haka nan batir.

Na farko, nauyi. Ana auna wutar da ko wace na'ura ke ci da wat. Kwamfutar tebur irin ta aikin ofis tare da allonta takan ci wajen wat 150. Ta ɗorawa a cinya takan ci 45 zuwa 65, kuma akan rubuta shi a jikin cajarta. Ki tara na abubuwan da za ki jona, sa'an nan ki ƙara rubu'i a kai, domin ba a yi wa jaki lodi har wuya. Watau mai wat 150 ta nemi abin da zai ɗauki 190 ko fiye.

A nan ne akan ruɗi mutane. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, kamar 650 VA, ba wat ba ce. A irin ƙananan akwatunan nan, wat ɗin kusan shida ne cikin goma na wannan lamba. Ashe mai 650 wat 390 yake ɗauka. Wannan ya ishi kwamfuta ɗaya da allonta. Amma firinta mai aiki da zafi, da dutsen guga, da firji, kada ki kusantar da su, don ko wannensu yana iya zarce ƙarfin akwatin shi kaɗai.

Na biyu, nisan tafiya. Batirin da ke cikin ƙaramin akwatin galibi mai bolt 12 ne, aka rubuta masa 7 Ah. In kin ninka 12 sau 7 kin sami 84. A takarda zai riƙe wat 150 rabin sa'a, amma a aikace da ƙyar ya wuce minti goma zuwa sha biyar, gama batir ba ya ba da duk abin da ke cikinsa in an ja shi da sauri. Saboda haka aikin akwatin nan ɗaya ne tak: ya ba ki zarafin adana aikinki ki kashe kwamfuta cikin natsuwa.

In kuwa nufinki yaro ya yi karatu dukan dare babu wuta, to, inbata da babban batir kike bukata. Batir mai bolt 12 da 100 Ah yana ɗauke da 1,200. Irin na dalma ba a shanye shi fiye da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri, saura 600. Inbata kuma ta ci nata ladan, a bar miki wajen 500. Raba 500 da 150: sa'a uku da 'yan mintoci. Amma kwamfutar cinya mai cin wat 50 za ta yi sa'a goma a kan wannan batir ɗin, ga kuma nata batirin a ciki. Wadda ba ta riga ta saya ba, sai ta yi tunani a kan wannan. Ki kuma tuna, batir ba ya haifar wuta. In garinku kan kwana biyu babu ita, sai da faifan sola da zai cika shi.

Har wa yau akwai zafin ƙasarmu. Masu ƙera batirin dalma suna auna kwanansa a kan zafi digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana rage kwanan nan da kusan rabi. Mu kuwa a watan Afrilu mukan wuce 40. Don haka kada ki ajiye shi jikin taga ko ki lulluɓe shi da zane don gudun ƙura. Ki sa shi inda iska ke shiga, nesa da hannun yara. Sabo kuma a bar shi ya sha caji kamar sa'a takwas kafin a ɗora masa aiki.

Shawarata ita ce, kafin maigida ko yaro ya hau mota zuwa Sakkwato, ki rubuta masa lamba biyu a takarda: wat nawa, sa'a nawa. Ya ce wa mai shago ya jona kwamfuta, ya zare wuta a gabansa, ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Wadda lissafin ya rikice mata ta rubuto mini abin da ke jikin na'urarta, mu yi shi tare a wannan fili. Allah ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu, amin.