Ƙarfin Jiki Jari Ne Mai Ƙarewa: Darasi Daga Ɗan Ƙwallon Kwandon Zariya

Duk wanda ya saba bin hanyar Jiratawa zuwa Maraɗi da sassafe ya san yadda buhunan zogale da kwandunan tumatir suke fitowa daga fadama su nufi kasuwa, kuma ya san yawancin masu dako da masu tura kura 'ya'yanmu ne matasa. Idan la'asar ta yi, su ne dai za ka tarar a filin lakwal, wasu na buga tamaula, wasu kuma, musamman dogayen cikinsu, suna jefa ƙwallo a kwando. Da yawansu sun sa wa ransu cewa wata rana za su haye Turai ko Amurka su dawo da kuɗi niƙi-niƙi. Mu iyaye kuwa mun kasu biyu: akwai masu ɗaukar bulala su ce wasa shashanci ne, akwai kuma waɗanda da an nuna musu hoton ɗan wasa cikin ƙatuwar mota sai su fara lissafin sayar da gona. A ganinmu duka biyun akwai gyara, kuma labarin wani yaro da ya tashi a Zariya, garin da fatakenmu suka sani kamar yunwar cikinsu, ya isa ya nuna mana inda gyaran yake.

Sunansa Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi Zariya yana ƙarami, can ya tashi, can ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13, ya kuma sami horo a hannun wani Ba'amurke mazaunin garin mai suna Oliver Johnson. Daga nan ya tafi Amurka ya haɗa karatu da wasa, sannan ya yi 'yan shekaru yana buga wa ƙananan kulob-kulob a ƙasashen Turai. Ku lura da kyau, bai taɓa buga ko wasa ɗaya ba a NBA, wato babbar gasar Amurka da yaranmu suke mafarki. A 2002 ya ajiye wasa, ba suna, ba wata dukiya.

To, a nan ne abin ya shafe mu 'yan kasuwa. Da ƙafa ta daina ciyar da shi, sai ya juya jarinsa. Ya koma horar da yara a Nijeriya, sannan ya karɓi aikin farauto 'yan wasa ga kulob ɗin Orlando ba tare da albashi ba, kuɗin tafiya ma daga aljihunsa, kamar dai yaron shago da ke zama wurin ubangida don ya san kan ciniki. Abin da yake sayarwa shi ne idon gane yaro mai baiwa, da baki, da amana. Denver suka ɗauke shi da albashi, a 2010 suka damƙa masa ragamar kulob ɗin, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin kulob na NBA, a 2019 kuma kulob ɗin Toronto na ƙasar Kanada ya ci kofin gasar karo na farko a ƙarƙashinsa. Sun rabu da Toronto a 2025, amma gidauniyar da ya kafa tun 2003, Giants of Africa, ta horar da ɗimbin yara ta kuma gina filaye a ƙasashen Afirka.

Haka sana'ar take ga masu dabara: wasa, sai horarwa, sai sharhi a rediyo da talabijin. Dubi Doc Rivers na Amurka. Ya buga NBA daga 1983 zuwa 1996, ya koma sharhin wasa a talabijin, ya zama mai horarwa har ya ci kofi da Boston a 2008, da Philadelphia suka sallame shi a 2023 sai ya sake komawa gaban kyamara. Kullum aka rufe masa rumfa ɗaya yana da wata a buɗe. Ga kuma Hakeem Olajuwon, ɗan masu sayar da siminti a Ikko, wanda ya ci kofi a 1994 da 1995 da Houston, yana wasa da azumi a bakinsa cikin Ramadan. Da ya bar fili sai ya shiga saye da sayar da filaye da gine-gine, kuma an san shi da biya lakadan don gudun bashin ruwa. Sai mu ajiye waɗannan gefe guda mu dubi Antoine Walker, wanda ya karɓi albashin sama da dala miliyan 100, amma a 2010 ya je kotu ya ce ya karye. Kowace mai sayar da ƙuli-ƙuli ta san dalili: wanda ya cinye uwa da riba, gobe ba shi da tire.

Sannan mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Kulob 30 ne a NBA, 'yan wasan duka ba su wuce 500 da 'yan kai ba, kuma sababbin da ake zaɓa a shekara kimanin 60 ne daga duniya baki ɗaya. Wace mai hankali ce za ta zuba kuɗin adashinta kacokan a hajar da samun mai sayenta ya yi wuya haka? Saboda haka idan wani dillali ya zo da takarda ya ce a kawo jikkuna kaza zai fitar da yaro waje, mu riƙe lalitarmu, mu tambayi hukumar wasanni tukuna. Kulob na gaskiya shi ke biyan yaro, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Masu cewa a hana wasan kwata-kwata su ma muna da magana da su. Mu mutanen Maraɗi ba baƙin fage ba ne. Kantu namu ne ya ɗauki takobin kokawar ƙasa na farko a Tawa a 1975, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Mun ga darajar da wasa ke jawo wa gari, mun kuma ga yadda wasu 'yan kokawa da aka yi wa kiɗa jiya suke shiga wani hali idan gwiwa ta gaza. Abin da ya kayar da su shi ne rashin sana'a ta biyu. Yaron da ke fili da la'asar kuwa ya fi wanda ke zaune a bakin tasha yana koyon shan ƙwaya.

Don haka muna kira ga iyaye da su gindaya sharaɗi: ba lakwal, ba ƙwallo. Yaro ya iya Faransanci, ya ƙara da Ingilishi, ya iya lissafi, ranar kasuwa kuma ya zauna rumfa ya koyi ciniki, domin mai horarwa da mai sharhi da baki da alƙalami suke ci. Muna kira ga alhazanmu masu ruwan kyaututtuka a lokacin kokawar takobi da su ware wani abu a zuba siminti a kafa ƙarfe biyu a lakwal-lakwal na Jiratawa da Tibiri, tun da filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne kacal, faɗinsa 15. Gidajen rediyonmu masu zaman kansu kuma su buɗe ƙofa ga tsofaffin 'yan wasa su riƙa sharhi da Hausa. Kada a manta da 'yan mata, in dai an tsare musu sutura da mutunci: mace ce, Rena Wakama, tsohuwar 'yar wasa, ta horar da matan Nijeriya suka ci kofin Afirka a 2023 da 2025.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.