Labarin Zuciya, Kada a Tambayi Fuska

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. A tsakar gida wannan magana tana da gurbi, amma a caji ofis tana iya jefa marar laifi kurkuku. Da an taso da zancen gyara aikin 'yan sanda, sai ka ji masu faɗa a ji suna cewa a tura jami'ai kwas, su koyo gane maƙaryaci daga ƙifta ido, rawar murya da irin kalmomin da ya zaɓa. Ni kam na ce asarar kuɗi ce, kuma wasa ne da rayukan bayin Allah.

A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Charles Bond da Bella DePaulo, suka tattara gwaje-gwaje sama da 200. Abin da ya fito shi ne mutum na dacewa sau 54 cikin 100 wajen raba gaskiya da ƙarya, kusan canki-canka ke nan. Tun 1999 Saul Kassin da Christina Fong suka koya wa ɗalibai alamomin tsarin Reid, wanda 'yan sandan Amurka suka daɗe suna ji da shi. Waɗanda aka horar ɗin suka fi kowa kuskure, suka kuma fi kowa ganin sun iya.

Shi kansa John Reid mai tsarin ya tafka kuskure. A 1955, a jihar Nebraska, ya titsiye Darrel Parker awa da awanni kan kisan matarsa har ya amsa. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ashe wani ne ya yi kisan. Sai a 2012 jihar ta ba shi haƙuri da diyyar dala 500,000.

To, kawo wannan ilimi Kano ko Zinder. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya haɗa ido da babba. Zai tsuguna, ya sunkuyar da kai, yana wasa da bakin rigarsa, kwas kuwa ya ce mai kau da ido abin zargi ne. Akwai kuma tsarin SCAN na Avinoam Sapir, ɗan Isra'ila, da ke bin rubutaccen jawabi kalma kalma, yana ɗaukar ƙin ambaton sunan makusanci alamar wata a ƙasa. Matar da ke kiran mijinta “maigida”, da uwar da ba ta faɗin sunan ɗan farinta, duk sun shiga uku. Balle ma jawabin nan sau da yawa da Hausa aka faɗe shi, kofur ya juya shi Turanci, mai jawabi ya dangwala yatsa. Kalmomin wa za a auna?

Ingila ta sha kunya kan ikirarin bogi, shi ya sa a 1992 ta koma tsarin PEACE: a bar mutum ya kwararo bayaninsa gaban na'urar ɗaukar murya, sannan a gwama shi da hujja. Mu ma a Najeriya dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar ikirari a bidiyo da halartar lauya, ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Kuɗin kwas ɗin a sayi kyamara da su, a zuba wa motar bincike mai. Wanda ya ce yana Kasuwar Kwari lokacin da abin ya faru, a tashi a je Kwarin a tambaya.