Idan birkin Fijo ya ƙi tauri, daina famfo

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Kamfanin PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya yi shekaru yana haɗa ta, har ta zama motar ma'aikaci da ta ɗan tasha baki ɗaya. Shi ya sa ba na mamaki idan na ji wani namu a nan Doha ya samo tsohuwa yana raya ta. Koken da ya fi yawa kuwa ɗaya ne: an fitar da iska daga birki sau uku, amma in an taka sai ka ji kamar soso.

Shawarata ita ce a tsaya haka nan. Iskar da ta ƙi fita sau uku, ko dai ba ta da hanyar fita, ko kuma tun farko ba ita ce matsalar ba.

A fara da abin da makanikai da yawa a Sanaiyya ba su saba gani ba, domin sababbin motoci suka fi taɓawa. Fijo tana da wani bawul a baya da ke rage ƙarfin birki idan motar ba ta ɗauke da kaya. Da an ɗaga ta a jak tayoyin baya suna reto, bawul ɗin ya ɗauka babu nauyi, sai ya kusa toshe hanyar mai. Ka wuni kana famfo, abin da zai fito ɗigo ne. A yi aikin a kan rami, nauyin motar na kan tayoyinta.

Sannan a duba ɗan notin fitar da iska. Dole ya kasance a sama, domin iska sama take hawa. In an musanya abin kama faifan birki na hagu da na dama wajen ɗaurawa, notin zai koma ƙasa, iskar kuma ta samu wurin zama.

Ƙafarka ma za ta gaya maka. Ka danne birki ka riƙe. In yana nutsewa a hankali kuma babu yoyo a ko'ina, robobin masta ne suka gaji. Sau da yawa wajen fitar da iskar ake kashe su, lokacin da yaron gareji ya kai feda har ƙasa, robar ta bi ta wurin da tsatsa ta ci. Guntun katako a ƙarƙashin feda ya isa ya hana wannan. Tsofaffin tiyon roba kuma sukan kumbura in an taka, a sauya su kawai.

Man birki kansa ba abokin yanayin Doha ba ne. Yana tsotsar danshin iska, danshin Agusta kuwa kun san shi. Sabon DOT 4 yana jure zafi har digiri 230 kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko wajen 155. Kada ka karɓi kwalbar da aka buɗe tun bara, kada kuma a gauraya shi da DOT 5, wanda na silikon ne.

Kafin ka nufi Fahes don sabunta istimara, samu fili mara mutane ka gwada taka birki da ƙarfi sau da dama. In fedar ta canja ko kaɗan bayan ta ɗau zafi, kada iyali su shiga motar nan tukuna.