Farin Kifi a Tukunyar Iska: Mai Ya Ragu, Lissafi Ya Ƙaru

A watan Satumba na 2010, a bajekolin kayan lantarki na IFA da ke birnin Balin, kamfanin Philips ya fito da wata tukunya mai suna Airfryer, wadda wani ɗan ƙasar Holan, Fred van der Weij, ya ƙirƙira. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne yadda za a samu soyayyen dankalin turawa ba tare da an dulmiya shi cikin mai ba. Yanzu kamfanoni da yawa suna ƙera irinta, ta kuma fara shiga cikin kayan kicin da ake kai wa amare a biranenmu. Sai dai a gidaje da dama dankali da cinyar kaza kawai ta sani. Wannan asara ce, domin babu abin da ya dace da ita kamar tsokar farin kifi da aka zare wa ƙaya, ko da yake shi ne kuma ya fi saurin lalacewa a hannun wanda bai san halinta ba.

Cikin tukunyar babu wani asiri. Akwai ƙarfen da ke yin zafi a sama, da fanka mai ƙarfi da ke kaɗa iskar ta zagaye abincin da ke cikin kwando mai huda-huda, zafin yana kaiwa kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Ƙaramin tanda ce mai fanka. Iskar tana kwashe danshin da ke saman abinci kamar yadda hunturu ke busar da shanya, idan saman ya bushe kuma sai ya soma yin ja, ƙanshi ya tashi.

Matsalar farin kifi a nan take. Kifi irin su taitus da shawa maiƙonsu yana cikin tsoka, shi ya sa suke jure wa wuta, ko an manta da su na ɗan lokaci ba sa bushewa. Farin kifi, wato irin su karfasa da giwan ruwa da panla, tsokarsa ba ta da maiƙo sosai. Kifin kod da Turawan Ingila suka fi so ma a hanta yake tara mansa, tsokar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na maiƙo ba. Ga shi jijiyar da ke riƙe tsokar kifi siririya ce, ba ta buƙatar doguwar dahuwa irin ta naman sa. Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ce kifi ya nuna idan zafin tsakiyarsa ya kai digiri 63. Duk mintin da aka ƙara bayan nan, ruwan jikinsa ake matsewa. Uwargidan da ta saba barin kifi cikin kasko har sai ya yi ƙarau, idan ta kawo wannan al'ada cikin tukunyar iska, abin da za ta fitar ko miya ba za ta cece shi ba.

Saboda haka aikin na agogo ne. Sala mai kaurin santimita 2 zuwa 2.5 tana nuna cikin minti 8 zuwa 12 a zafin digiri 190, siririya irin ta karfasa kuwa ba ta ma kai haka. Ana barin tukunyar ta yi zafi na minti 3 kafin a saka. Amma kafin duk wannan, sai an tsane kifin da tsumma mai tsabta har ya daina danshi, musamman na kankara, wanda ake sayar da shi lulluɓe da ruwan da ya daskare. Idan ya shiga da ruwansa, turara zai yi, ya fito fari fat, ba ja ba ƙanshi. Haka ma idan aka cika kwandon, sala a kan sala, iska ba ta samun hanya.

Mai kuwa ana buƙatarsa, duk da abin da masu talla ke faɗa. Ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ya isa a shafe sala biyu, shi ne ke hana su manne wa kwando, shi ne kuma ke riƙe kayan ƙanshi. Lemon tsami a bar shi sai an sauke, domin idan kifi ya daɗe a jiƙe cikinsa tsamin yana fara canza tsokar tun ba ta ga wuta ba. Kullun fulawa mai ruwa irin na soyayyen kifin Ingila bai dace ba ko kaɗan: tsiyaya yake yi ta hudojin kwandon kafin ya kama jiki. Garin busasshen burodi ya fi. Wanda kuma ya fi shi a bakin Bahaushe shi ne yajin ƙuli, a barbaɗa shi ba da yawa ba, tunda ƙulin yana da nasa maiƙon kuma yana saurin ƙuna.

Masu cewa ɗanɗanon ba ɗaya ba ne da gaskiyarsu. Karfasar da aka soya ɗungurungum, da kai da ƙaya, har gefenta ya yi ƙus-ƙus, aikin kasko ne, babu na'urar da za ta ƙwace masa shi. Abin da ya kamata a auna shi ne kifin yau da gobe, na yara da tsofaffi da wanda likita ya ce ya rage maiƙo, a gidan da ake ajiye man suya ana maimaita shi har ya yi baƙi saboda tsada. A wannan fagen tukunyar ta yi gaba da nisa.

Babban abin da ke tsaye a gabanta shi ne wuta. Yawancin irin waɗannan tukwane suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, abin da ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba, ƙaramar sola ta gida ma haka. Kuɗin wutar kansa bai kai yadda ake tsoro ba. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. A wannan farashin, tukunya mai wat 1,500 da ta yi aiki na minti 15 ba ta ci fiye da naira 85 ba, kuɗin da ba zai sayi man da zai rufe gindin kasko ba. Wanda layinsu ke kwana biyu babu wuta dai, gara ya riƙe kuɗinsa ya sayi kifi.

Saura batun kifin kansa, kuma nan ne abin ya fi ciwo. Giwan ruwa ɗan gida ne a kogin Kwara da tafkin Chadi, shi ne kifin da masunta ke alfahari da shi a gasar Argungu. A shekarun 1950 aka kai shi tafkin Biktoriya, yau kuma masana'antu a Mwanza ta Tanzaniya da sauran garuruwan bakin tafkin suna fere tsokarsa, suna aika ta Turai a jirgin sama. A kasuwanninmu kuwa gunduwa-gunduwa ake sara shi da ƙashinsa, mai neman tsoka zalla sai ya koma ga kifin kankara da aka shigo da shi daga waje. Mai kifin da ya koyi bin ƙashin baya da wuƙa mai kaifi ya fitar da sala biyu, zai sayar da tsokar da tsada ga masu wannan tukunya, kan da ƙashin kuma ya ware su ga masu farfesu.