Gwamnati Ta Ba Da Kwangilar Amana

A Amurka, idan alƙali ya karɓe yaro daga hannun iyayensa saboda azaba ko sakaci, gwamnatin jaha ce uwa, ita ce uba. Sai dai jahohi da dama, da suka rasa inda za su ajiye yara masu ciwon ƙwaƙwalwa ko waɗanda suka gagara, sun riƙa aika su gidajen jinya na kamfanoni masu neman riba a wasu jahohi, suna biyan kuɗin kowane yaro kullum.

Kowane ɗan kasuwa ya san makomar dukiyar da mai ita ba ya leƙawa, balle ɗan mutum. A 2019 jahar Oregon tana da yara fiye da 80 a waje. Cikinsu har da yarinya mai shekara 9 da aka kai Montana, ta yi watanni babu ma'aikacin jaharta da ya ziyarce ta, ana yi mata allura don ta yi shiru. A Afrilun 2020, a Lakeside Academy ta jahar Mishigan, inda Kalifoniya ma ke tura yaranta, ma'aikata suka danne wani yaro mai shekara 16 don ya jefa burodi. Bayan kwana 2 ya cika.

Sai da aka yi rashin rai Kalifoniya ta yanke shawarar kwaso nata a ƙarshen 2020. Mu dai a ganinmu, hukumar da ta raba yaro da gidansu bisa hujjar kare shi ba ta da bakin cewa nisa ne ya hana ta gani, tunda ita ta zaɓi nisan, ita kuma ta sa hannu a takardar biya.